Waya a Cikin Rumbu Ranar Shuka

Bana ruwa ya yi jinkiri a wajenmu. Mun kai taki tun da wuri, mun share gonaki mun ƙone kara, sannan sama ta yi mana shiru. Zafi kuwa ba a magana. Da hantsi in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Awaki su lafe a jikin katanga suna haki, ruwan randa ya koma kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. A cikin wannan zafin ɗana Nazifi yake rubuta jarrabawar fita sakandare.

Bari in faɗi abin da ke raina tun yanzu. A gidanmu, daga kakana har zuwa yau, babu wanda ya taɓa gama sakandare. Ni a aji uku na tsaya, shi ya sa har gobe sa'annina suke ce min Garba Fom-tiri, kuma ba don yabo suke faɗa ba. Babban ɗana a aji biyu ya ajiye, yana can Dawanau yana dakon buhunan wake. Nazifi ne kaɗai ya kai bakin ƙofar. In ya faɗi, ƙannensa ƙanana ne, ban san ko zan ga nasu ba.

Yayan nasa ne ya ba shi tsohuwar wayarsa, irin mai faɗin nan da ake shafawa da yatsa. Tun ranar da ta shigo gidan nan na daina ganin idon yaron, sai tsakiyar kansa. Na zauna na kalli yadda yake karatu, ba labari aka ba ni ba. Zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya buɗe littafi, ya ɗora waya a cinya. Ya karanta layi uku. Waya ta motsa, ya duba. Wai guruf ɗin ajinsu ne, inda 'yan ajin duka suke zuba magana, mai amfani da marar amfani. Daga can ya zame cikin bidiyo, wani yana rawa, wani yana zagin wani, wata tana soya ƙwai. Sai ka ji ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Ya dawo kan littafi, ya manta inda ya tsaya, ya sake layi ukun nan.

"Kai, wannan karatu ne ko kallon dambe?"

"Karatu nake, Baba. Malam ne ya turo darasi."

"Ina ka kwafa?"

"Ai ba sai an kwafa ba. Hotonsa yana cikin waya."

Ranar Asabar na leƙa, littafin yana buɗe a shafin da aka zana zuciyar mutum, an tsaga ta biyu da jan layi da shuɗi. Ni ba jahili ba ne, na san shafi in na gan shi. Ranar Talata da hantsi na dawo daga duba gona na sake leƙawa. Zuciyar nan ce dai. Shi kuma yana kwance rigingine, waya a saman fuskarsa, haƙora a waje.

Na ce, "Tun Asabar ake feɗe zuciyar nan? Mahaucin garinmu duk sanyin jikinsa da yanzu ya sayar da ita."

Na fizge wayar. Ban doke shi ba, ya wuce duka. Na zagaya bayan ɗaki, na jingina tsani a jikin rumbu, na ɗaga jinka, na cusa ta can tsakanin damman gero. Uwarsa Hajara ta taso daga wajen murhu tana goge hannu a zani.

"Malam, gobe fa yana da takarda."

"Shi ya sa."

"Ko ka bari ya duba, ko an turo musu wani abu?"

"Abin da za a turo masa yana cikin littafi tun kafin a haife shi."

Da la'asar ranar gabas ta yi baƙi. Iska ta fara da tsintar ganye, sannan ta zo da ƙarfinta, ta kwantar da darnin maƙwabcinmu, ta kwashe kwanukan da aka kife. Sai ɗigon farko, manya-manya, kowanne yana huda ƙasa. Ina tsaye a bakin zaure ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya bugi hancina. Duk shekara ina jin sa. Amma bana, da yaro mai jarrabawa zaune a bayana yana hararar littafi, sai ya ɗauke ni cak ya dire ni a shekarar kurkunu.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Makarantarmu tafiyar sa'a guda ce a ƙafa, ka je da sanyin safiya, ka dawo rana tana dukan ƙeyarka, harshenka kamar ɓawon itace. A hanya akwai wata tsamiya, nan muke zubewa, ba mai magana, sai kukan kurciya. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbunmu tun kafin azumi sai an shiga ciki da ƙafa kafin a taɓo dami. Inna ce take awo. Kullum da safe ta cika kwano, ta shafe bakinsa da tafin hannu, ta tsince ƙwayoyin da suka zuba ta mayar. Da shan ruwa kunun tsamiya, tsararo, kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da sahur ɗumame, in tuwon ya kwana. Aka yi sallah, kowa ya ce azumi ya wuce. A gidanmu sunansa kawai ya canza. Tuwo sau ɗaya, bayan magariba. Da rana garin ɗorawa, mu dama da ruwa mu sha, leɓɓanmu su rine. Inna ta tsinko zogale ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, in babu ƙuli da gishiri kawai. Dusar da a da ake ba akuya ta fara shiga tukunya.

Ga kuma kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da shi. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tana fitowa daga ƙafar mutum. Daga baya aka ce mana ruwan kududdufi ne yake kawo ta. Lokacin ba mu sani ba, ko mun sani ma me za mu sha? Wurin ya kumbura, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, ta leƙo. Ba a jan ta da ƙarfi, in ta tsinke a ciki ƙafar ta lalace. Sai a naɗe kanta a tsinke, kullum a murza kaɗan. Rabin magidantan unguwarmu da sanda suke zuwa masallaci. Babana biyu suka fito masa, ɗaya a idon sawu, ɗaya a gwiwa. Kowace safiya in ta gama awo, Inna ta durƙusa ta murza masa tsinken, shi kuma ya kafa wa azara ido yana salati ta cikin haƙora. Yayana ya tafi cirani tun kaka, ba shi ba labarinsa. Namiji mai lafiyayyun ƙafafu a gidan ni kaɗai ne, ina da shekara goma sha shida.

A haka nake karatu, kuma wallahi ina yi. Littafin lissafi guda ɗaya gare mu mu huɗu, ni da abokina Isiyaku da wasu biyu, ba bango, shafukan farko ɓera ya ci. Kowa kwana biyu yake riƙewa. In ya zo hannuna sai in kwafe shi da biro, har misalan, har amsoshin baya, da ƙananan rubutu don kada littafin rubutuna ya cika. Kananzir babu. Karatuna daga idar da sallar asuba ne, da zarar na iya bambance baƙi da fari a takarda, zuwa lokacin da Inna za ta ce in jawo ruwa. Ina bin jaki, mangala cike da taki, ina bitar lissafi da baki. Malaminmu ya taɓa dafa kaina a gaban aji ya ce wannan kan zai yi nisa. Na riƙe maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Kafin ƙafar ta kayar da shi gaba ɗaya, Baba ya ce mu yi binne. Wato ka shuka iri a busasshiyar ƙasa ka rufe, ya kwanta, ranar da ruwa ya sauka ka riga kowa. Kwana uku muna yi, shi da sanda a hammata. Bayan mako aka yi yayyafi, bai kai ya jiƙa bayan jaki ba, amma ya isa ya yaudari iri. Gero ya tsiro, kore shar, layi-layi. Sai aka ɗauke. Kwana goma sha tara, ni na ƙirga. Kullum da yamma hadari ya haɗo, a yi walƙiya, iska ta zo ta watsa shi. Tsiron ya naɗe, ya yi ja, ya koma kamar zaren da wuta ta lasa. Muka fita roƙon ruwa har sau biyu a filin idi, manya da yara, riguna a juye, liman yana kuka a cikin addu'a, mu ma muna kuka, wasunmu na yunwa ne.

Irinmu duka ya tafi a binne. Kawuna, ƙanin Inna, ya taso daga wajen Shanono a kan jaki ya kawo mana kwano huɗu. Inna ta juye a tukunya, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gadonta. Akwai ranar da ƙanwata Ladi ta wuni tana kukan yunwa, Inna tana zaune a kan gadon nan, geron yana ƙarƙashinta, ba ta ko sunkuya ba.

Ruwan ya zo ana gobe za mu rubuta lissafi, takardar da in ba ka ci ta ba ba ka shiga aji huɗu. Ban taɓa ganin hadari irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Ya taso daga gabas kamar katangar da ake turowa, ƙasansa baƙi ƙirin, samansa fari fat yana tafasa. Tsuntsaye suka yi tsit. Kaji suka shige akurki da rana tsaka. Aka yi wata tsawa da na ji ta a cikin haƙorana, sannan aka sako shi. Zubowa yake kamar an fasa randa a sama. Indararo ya kasa ɗauka. Muka fito da duk abin da yake da baki, tukwane, ƙore, har turmi. Ladi ta tsaya a tsakar gida baki buɗe tana sha daga sama. Baba ya sa aka jawo shi bakin ƙofa, ya miƙa tafin hannunsa waje, ya bar shi a can. Kafin magariba kwaɗin da muka ɗauka sun ƙare a duniya suka cika gari da kuka. Daga ina suka fito? Har yau ban sani ba.

Wanda ba manomi ba ba zai gane safiyar da ta biyo baya ba. Ƙasarmu jigawa ce, yashi, ba ta riƙe danshi. In ruwan shuka ya sauka yini guda gare ka, in Allah ya so ka biyu. Kuma ranar shuka ba a gayya. Noma a yi gayya, girbi a yi gayya, amma ranar nan kowa gonarsa yake. Ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ba za ka roƙa ba, don ka san abin da kake roƙo.

Da asuba Baba ya dafa bango ya miƙe, ya kai hannu ga sungumi, doguwar fartanyar da ake sara ramin shuka da ita. Taku biyu ya yi ya zube. Na ɗaga shi. Bai ce min kada in je makaranta ba. In na ce ya faɗa na yi masa ƙarya, kuma yana kabari. Tambayata kawai ya yi.

"Abin naku ƙarfe nawa ne?"

"Ƙarfe goma, Baba."

"To."

Inna ta fito da tukunyar nan a ka. Ta ce, "Garba, sara mana ko rabi ne, ni da Ladi mu bi ka da iri. In hantsi ya yi sai ka wuce."

Agogo a unguwarmu guda ɗaya ne, a hannun tela, shi ma yana gonarsa. Ban damu ba, ina da nawa. Akwai ɗorawa a kan iyakar gonarmu, na san in inuwarta ta janye daga kan hanya ƙarfe tara ta kusa, in na tashi a guje zan isa. Shekara uku da ita nake auna tafiyata duk ranar da na fara biyawa ta gona. Abin da bai zo min a rai ba shi ne ranar babu inuwa. Sama a rufe take ruf, fari-fari, haske iri ɗaya tun wayewar gari.

Na kama sara. Taku, sara, taku, sara. Ƙasa mai laushi, sanyinta yana ratsa tafin ƙafa bayan wata da watanni na ƙuna. Inna a baya tana jefa iri da 'yan yatsu uku, ta rufe da diddige, ba ta ko duban ramin. Na ɗaga kai na ga abin da har yau in na rufe ido ina gani. Gonakinmu a manne suke da juna, ba daji a tsakani, kuma daga inda nake har inda ido ya ƙare mutane ne, sungumi yana tashi yana sauka. Masu kurkunu sun fito da rarrafe, wani a zaune yake jan gindi yana jefa iri. Tsofaffin da aka ce sun kusa, ga su a tsaye. Shinge, garar nan mai fiffike, yana tashi daga ƙasa kamar hayaƙi. Ba mai waƙa, ba mai gaisuwa, sai sautin ƙarfe a jiƙaƙƙen yashi ta ko'ina, kamar garin duka numfashi ɗaya yake yi. Yunwar ma na daina jin ta. Nakan dubi ɗorawa, in ga babu komai a gindinta, in ce da sauran lokaci, bari in ƙara layi ɗaya.

Sai gajimare ya tsage, rana ta leƙo. Na duba ƙasa. Inuwata tana ƙarƙashin ƙafata.

Na yar da sungumi na zura da gudu, ban ko wanke ƙafa ba. Na isa ana fitowa. 'Yan ajinmu suna tsaye gungu-gungu suna gardamar amsa. Mai tsaron jarrabawar, wani baƙo da aka turo daga birni, yana liƙe bakin babbar ambulan.

"Kai kuma daga ina?"

"Daga gona, Malam."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ba mugu ba ne, na ga haka a fuskarsa. Ya ce, "Allah ya ba da damina mai albarka." Ya sa ambulan a hammata ya wuce.

An ce in maimaita aji. Amma tsutsar gwiwar Baba ta tsinke a ciki, ƙafar ta sandare, bai ƙara riƙe fartanya ba. Wa zai yi noma? Ban koma ba. Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba wannan ba ne. Ranar da bencina ya wuni babu ni, babu wanda ya tambayi ina nake. Ba na zarginsu, kowa da yunwar gidansu, kuma ko sun tambaya wa zai kawo min tambayar? Bayan kwana huɗu Isiyaku ya yi sallama a zaurenmu, na fito da murna. Littafin ya zo karɓa, kwanakina sun wuce.

Geron kuwa, subhanallahi. Kwano huɗun nan. Ya tashi ya fi mutum a kan jaki tsawo, zangarniya tsawon hannu. Muka cika rumbu muka gina wani. Har daga wasu unguwanni ake zuwa kallon gonarmu. Na ci tuwon shekarar nan na ƙoshi, Ladi ta yi kumatu, kuma kowace loma na san abin da na ba da a kanta.

Wannan duka ya wuce ta kaina ina tsaye a bakin zaure ranar Talatar nan, har aka ɗauke ruwa. Na fita na tona ƙasa, danshi har wuyan hannu. Ruwan shuka ne.

Ranar Laraba bayan sallar asuba na ce wa Nazifi, "Kai ba ka zuwa gona. Ko kallon sungumi kada ka yi. Takardarka ƙarfe tara, ka yi wanka, ka karya, ka tafi makarantarku a natse." Ina faɗa ina jin kaina wani babba, wai na yi wa ɗana abin da ba a yi min ba.

Na hau tsani in ɗauko buhun iri. Ina zura hannu na ji wani abu yana gurnani a cikin gero, ya tsaya, ya sake. Na janye da sauri, na ɗauka maciji ne ya shigo gudun ruwa. Sai na ga haske yana fitowa ta tsakanin zangarniyoyi. Wallahi na manta da ita. Na zaro ta, tana rawa a tafin hannuna, ta yi shiru, ta sake kamawa. Na ɗauki buhun na sauko, na jefa masa wayar a kan tabarma.

"Kashe min wannan abin ka ba ni."

Ya shafa ta. Na ga fuskarsa ta canza. "Baba, tun jiya ake nemana." Ya danna wani wuri, muryar yarinya ta fito, a natse, kamar mai karanta labarai a rediyo.

"Salamu alaikum 'yan aji, Zainab ce, monita. Iskar ɗazu ta yaye rufin ɗakin jarrabawarmu, kujeru duk sun jiƙe. Malam ya ce gobe a babbar makarantar nan ta wajen Tofa za mu rubuta. Mota za ta tashi daga bakin makarantarmu ƙarfe bakwai daidai. Duk wanda ya ji ya ce ya ji."

Sai muryoyi suka biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Na ji. Na ji. Mun ji, ranki ya daɗe monita. Wani ya turo kukan akuya, aka yi masa ca. Sannan Zainab ɗin ta dawo.

"Kowa ya amsa ban da Nazifi. Ina Nazifi?"

"Nazifi, in kana raye ka yi tari."

"Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka."

"Ƙila tsohon ne ya ƙwace. Kun san Baban nasa, ba ya dariya sai ranar sallah."

"Wa ke kusa da gidansu?"

"Ni ne, amma kwarin da ke tsakaninmu ya cika, ko babbar mota ba ta tsallakawa."

"To a ci gaba da kira. Kowa ya kira, har sai ya ɗauka."

Na tsaya da buhun iri a hannu. Yaran nan ban san fuskar ko ɗaya ba. Wasu daga ƙauyukan da ni kaina sai ranar kasuwa nake jin sunansu. Ga muryoyinsu a cikin zaurena, suna fitowa daga abin da bai fi tafin hannu ba, tun jiya suna kiran sunan ɗana a cikin gerona. Ban san lokacin da na ce la'ilaha illallahu ba.

Hajara tana tsaye a ƙofar shiga gida. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi min sauƙi.

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Bakwai saura biyar, Baba. Ba zan samu motar ba."

Na ajiye buhun. "Sa rigarka."

Na turo tsohon mashin ɗina waje. Ranar shuka, da sassafe, magidanci ya juya wa gonarsa baya. Duk unguwa tana gona, sai da kowa ya ɗaga kai. Ɗanlami, sa'ana, wanda gonarsa take manne da tawa, ya dogara da sunguminsa ya ɗaga murya.

"Fom-tiri! Ina zuwa yau? Ko taka jarrabawar za ka je ka ƙarasa?"

"Sara naka, Ɗanlami. In ka gama ka zo in koya maka rubuta sunanka."

Kwarin ya cika kamar yadda yaron nan ya faɗa, jan ruwa yana tafe da kara da mushen kaza. Dole muka zagaya ta burji mu fita kwalta, hanya ta ninka. Sau biyu mashin ya kafe muka sauka muka tura. Nazifi ya naɗe wando, ya rataye takalmi a wuya. Duk wannan wayar tana bayana tana magana. Kuna ina? Kada ku bi ta ƙaramar gada. Na gaya wa Malam kana hanya, ya ce a ajiye maka kujera. Da muka hau kwalta sai ya kunna wani saƙon na Zainab, doguwar bita ta yi musu ta abin da take ganin zai fito. Amma ya sa ta tana gudu, maganar tana fita kamar faɗan tsuntsaye a kan tsamiya. Ni ko kalma ɗaya ban kama ba.

"Kai, kana gane wannan?"

"Ina ganewa, Baba. In ta yi a hankali barci nake ji."

Wannan kan ba irin nawa ba ne, ban san yadda aka gina shi ba. Ba ya iya zama da shafi ɗaya tsawon shan kunu, amma ga shi yana tsintar magana a guje, a bayan mashin, iska tana dukan kunnensa, har yana maimaitawa ƙasa-ƙasa a ƙeyata.

Mun isa ana shiga layi. Wata 'yar siririya mai farin hijabi, gefensa duk jan taɓo, tana tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu. Tana hango mu ta juya ta ƙwala, "Ga Nazifi! Mun cika!" Yara suka sa ihu da tafi kamar an ci ƙwallo. Ta matso ta rusuna. "Ina kwana, Baba. Sannu da hanya." Na buɗe baki, ni da ba a rasa magana a bakina, abin da ya fito kawai, "Allah ya yi miki albarka."

Ba a shiga da waya. Nazifi ya miƙo min ita. "Baba, riƙe min."

Na zauna a gindin darbejiya a waje. Rana ta fito, mai zafi, irin ta bayan ruwa. Ina kallon ƙasar gabana tana sauya launi, daga baƙi zuwa ja, daga ja zuwa fari, na san haka take yi a gonata. Zan iya tafiya in dawo. Ban tafi ba. Wayar ta ɗan motsa sau biyu a hannuna, sannan ta mutu, caji ya ƙare.

Dab da azahar suka fito. Wasu suna dariya, wasu ido ja. Nazifi ya zo yana sosa ƙeya.

"Yaya?"

"Da dama, Baba."

"Ban tambaye ka da dama ba."

Ya dubi ƙasa. "Akwai wasu amsoshi da wani ya turo guruf makon jiya, wai daga sama aka samo su, su za a yi. Kwana uku na yi ina haddace su. Ko ɗaya bai fito ba."

"Sai me ka rubuta?"

"Abin da Zainab ta faɗa a hanya, biyu sun fito. Ɗaya na tuna daga aji. Ta huɗun kame-kame na yi."

Maganganu suka taso min har wuya, kuma duk gaskiya ne. Kwana uku! Na dube shi, ga tawada a yatsansa, leɓensa ya bushe, ko karyawar da na ce ya yi bai samu ya yi ba.

"Ka zauna har aka karɓi takardarka?"

"Har aka karɓa."

"Da sunanka a jiki?"

"Da sunana da lambata."

"Hau mu tafi."

Bayan azahar muka shiga gona, maƙwabta suna haɗa kayansu. Saman ƙasa ya riga ya bushe, sai an sara da zurfi kafin a tarar da danshi. Yaron ya bi ni da iri, ban hana shi ba. Rabi muka samu kafin magariba, sauran sai ruwa na biyu, in an yi shi da wuri. Ɗanlami ya wuce ya ce in gero bai yi ba bana sai mu dafa satifiket.

Da muka shiga gida Hajara ta kawo ruwa. Wayar tana aljihuna tun safe, yaron bai tambaya ba. Na zaro ta na juya ta, baƙa wuluk, ko motsi ba ta yi. Na miƙa wa uwarsa.

"A kai ta caji. Jibi ma yana da takarda."